Keken ɗinkin Baba: yadda nake raba shi da tsatsa

Asabar, 16 ga Agusta, 2025

Yau muka fito da keken ɗinkin Baba daga ɗakin shirgi. Ni da ƙanena muka cicciɓo shi, don ba ya turuwa, 'yan tayoyin ƙafarsa sun kafe. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, kuma tun daga lokacin babu wanda ya sake ɗora ƙafa a kan fedarsa. Ashe kwanon ɗakin yana yoyo daidai kusurwar da aka ajiye shi, ba mu ankara ba sai daminar bana.

Da muka dire shi a tsakar gida Hajiya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Da wannan aka ciyar da ku." Ba ta ƙara komai ba ta shige ɗaki. Autarmu za a yaye ta daga wajen koyon ɗinki a watan Disamba, kuma na ƙudurta a raina da wannan keken za ta fara, in Allah ya yarda.

Singer ne, samfurin 15K. Harafin K ɗin yana nufin Kilbowie, wato masana'antar kamfanin da ke Clydebank a Sikotilan, wadda aka rufe a 1980. Ke nan ko yaya aka yi lissafi keken ya kai shekara 45. Ga abin da na gani. Ƙafafun ƙarfen zubi ne, wanda masu walda ke kira kas, kuma daga ƙasa zuwa kamar taƙi ɗaya tsatsa ta yi ɓawo, kana taɓawa tana zuba. An taɓa shafa musu koren fenti a kan baƙin asali. Kan keken ya ƙi juyawa ko kaɗan, amma baƙin fentinsa da zanen ruwan zinaren suna nan a ƙarƙashin dauɗa. Ƙananan ƙarafa masu ƙyalli duk sun yi ɗigo-ɗigon ja. Katakon teburin ya kumbura ya ɗaɗɗago.

Abu huɗu ke nan, kowanne da irin maganinsa. Abin da zai wanke ƙafa zai kashe zanen kai, don haka ba zan haɗa su a wanka ɗaya ba.

Lahadi, 17 ga Agusta

Sayayya: kananzir lita 2, ₦3,600. Buroshin waya biyu, ₦2,500. Samfefa falle 8, daga mai kaushi lamba 80 zuwa mai laushi lamba 400, ₦3,200. Safar hannu ta roba da tabarau da takunkumi, ₦4,500. Man keke, ₦1,000. Jimla ₦14,800.

Na ɗauki hoton kowane lungu kafin in kwance ko da sukuru ɗaya.

Laraba, 20 ga Agusta

Kwana uku ina aikin kwance sassan keken bayan la'asar. Na je wajen wani dattijo mai gyaran kekunan ɗinki, wanda ya san Baba, na nuna masa hotunan. Abu na farko da ya ce: "Yaro, kada ka yar da sukuru ko ɗaya. Zaren sukurun Singer nasu ne su kaɗai, ba za ka samu a wajen masu noti ba." Sai na nemo gwangwanayen madara, kowane sashe da nasa, na rubuta suna a jiki.

Notuna biyu na gindin ƙafa sun ƙi. Na jiƙa su da kananzir safe da yamma, ina ɗan ƙwanƙwasa kan notin da ƙaramar guduma don kananzir ya samu hanyar shiga. Ɗaya ya saki jiya, ɗaya yau. Ban matsa da ƙarfi ba, domin kas ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi kamar tukunyar ƙasa.

Shi kuma kan, na ɗora shi a tsohon faranti na ɗiga kananzir a duk ramin mai da duk gaɓar da ke motsi. A ciki na tarar da wani abu mai danƙo ruwan ƙasa kamar ƙaro. Dattijon ya ce man gyaɗa ne, wani ya taɓa zubawa da man keke ya ƙare. Man girki yana bushewa ya zama danƙo, shi ke riƙe keke fiye da tsatsar kanta.

Asabar, 23 ga Agusta

Ƙananan ƙarafa. Na sayi ruwan khal kwalba biyu, ₦3,000. Tsamin da ke cikinsa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, yana cin tsatsa a hankali. Ruwan lemon tsami ko na tsamiya ma suna yi, iyayenmu da su suke wanke tasoshin tagulla. Na wanke maiƙo da kananzir da ruwan sabulu tukuna, don tsami ba ya ratsa mai, sannan na zuba sukurori da farantin allura da murfin ƙoshiya da ƙarafan ɗaurin zare a roba na rufe su da khal.

Wani maƙwabci ya ce in nemo ruwan batir, minti goma ya gama. Na ƙi. Ruwan batir da irin asid ɗin wanke masai ba sa bambance tsatsa da lafiyayyen ƙarfe. Asid ɗin wanke masan ma tururinsa kaɗai yana sa duk kayan aikin da ke ɗakin su yi ja.

Talata, 26 ga Agusta

Na yi ɓarna, kuma ta dame ni ƙwarai.

Niyyata in cire kayan daga khal da daren Asabar, bayan awa shida ko takwas. Sai aka yi mana rasuwa a Bichi, muka tafi da yammacin ranar, ban dawo ba sai yau da hantsi. Kwana uku suna ciki. Ruwan ya koma baƙi-baƙi da kumfa a sama. Tsatsa kam ta tafi, amma tsamin bai tsaya nan ba. Ya bi ta ramukan da tsatsa ta huda ya shiga ƙarƙashin farin rufin da ke kan murfin ƙoshiya, rufin ya ɗago yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Sukurorin sun yi toka-toka, fatarsu ta yi kaushi. Mafi ciwo shi ne siririn sifirin nan na ɗaurin zare, wanda ke rawa duk lokacin da allura ta sauka. Ina ɗaga shi da yatsa ya karye gida biyu. Ƙarfen sifirin ba ya shiri da tsami: yana cinye kaurinsa, kuma yana sa shi gautsi. Tun farko bai kamata in sa shi ciki ba, soson ƙarfe da ɗigon mai sun ishe shi.

Na ɗauraye sauran, na jiƙa su minti goma a ruwan da na kaɗa bekin soda don ya kashe ragowar tsamin, na busar a rana, na shafe da man keke nan take. Zaren sukurorin bai lalace ba, na gwada kowanne a raminsa. Alhamdu lillahi.

Sa'ar da aka yi, kekunan Butterfly da suka cika shagunan telolinmu a kan tsarin samfurin 15 aka ƙera su, don haka sifirin da ƙoshiya suna shiga. Na samo duka biyun ₦2,500. Murfin kuwa zan bar na Baba ko da tabonsa.

Daga yau duk abin da na jiƙa a tsami sai na sa ƙararrawa a waya.

Alhamis, 28 ga Agusta

Kan keken ya motsa. Na ajiye shi a rana ya ɗau zafi, na kama wilin hannu ina jijjigawa gaba da baya, sai na ji ya ba da kamar faɗin yatsa. Na ƙara kananzir na bar shi.

Asabar, 30 ga Agusta

Ranar cire koren fenti. Ban goge shi da samfefa a bushe ba, kuma ga dalili: tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a cikinsu, ƙurarta kuma guba ce, musamman ga yara. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ba zai tayar da irin wannan ƙura a tsakar gidan da jikoki ke rarrafe ba. Can daga dutsen zinare ta fito, amma dalma dalma ce.

Na yi amfani da kostik soda, irin ta masu yin sabulu, kilo ɗaya ₦3,000. Ƙa'idarta: ruwa ake fara zubawa a bokitin roba, sannan a riƙa barbaɗa sodar kaɗan-kaɗan ana juyawa da sanda. In aka zuba ruwa a kan soda tana iya tafasa ta fantsamo a fuska. Ba a haɗa ta a tukunyar alminiyam, cinye ta take yi. Na dama ta da ɗan kokon sitaci don ta yi kauri ta kama jikin ƙarfe, na shafa, na rufe da leda awa biyu. Koren ya yi laushi ya taso, na kankare shi yana jiƙe na tara a gwangwani mai murfi. Baƙin asalin ya fi taurin kai, don gasa shi aka yi a masana'anta, sai inda tsatsa ta riga ta shiga ƙarƙashinsa ne ya saki.

Ɗigo ɗaya ya sauka a wuyan hannuna, tsakanin safa da hannun riga. Da farko santsi kawai na ji, sai zafi. Na sa hannun a ƙarƙashin famfo kusan minti ashirin. Ya bar ɗan ja. Na kori yara zuwa gidan Yaya tun safe, kuma gara da na yi hakan.

Lahadi, 31 ga Agusta

Na haɗa wankin lantarki, wato cire tsatsa da wutar cajar batir a cikin ruwa, abin da na fi ɗokin gwadawa. Ƙafafun keke duk ado ne da lunguna, buroshi ba zai kai ko'ina ba.

Na aro shuɗin durom na roba da aka yanke wa kai. Na zuba ruwa kamar lita 100, na kaɗa soda ash, babban cokali ɗaya ga kowace lita 4. Ita ma a wajen masu kayan sabulun ruwa ake samu, ₦2,000 kilo, kuma ba ita ce kostik ba, kada a rikita su. Na sayo guntayen rodi shida a Ƙofar Ruwa, ₦2,500, na jera su a kewayen durom daga ciki na haɗa kawunansu da waya. Na rataya ƙafa ɗaya a tsakiya daga sandar katako, yadda ba za ta taɓa rodi ko ɗaya ba. Baƙar wayar cajar batir a jikin ƙafar keke, jar waya a jikin rodi. Wannan shi ne abin da ba a kuskurewa: in aka juya su, ƙafar keken ce za ta narke, rodin ya fito fes.

Na so in yi da kanwa, tunda sinadarin da ke cikin soda ash akwai shi a kanwa, ga ta kuma a kicin. Abin da ya hana ni shi ne kanwa takan zo da gishiri a gauraye, kas kuma yana da ƙananan ƙofofi da ke riƙe gishiri, daga baya ya jawo laima tsatsa ta dawo ta ƙarƙashin fenti. Na kuma guji sa cokula ko kwanon silba a madadin rodi, domin ƙarfen da ba ya tsatsa yana sakin guba a ruwan.

Cajar farko da na kawo irin ta zamani ce, ta ƙi tashi sam, don sai ta ji batir take ba da wuta. Na koma wajen mai cajin batir na unguwarmu ya ba ni aron tsohuwa mai nauyi, 12 bolt. Ina kunnawa, cikin minti biyu ƙananan kumfa suka fara tashi daga jikin ƙafar. Iskar haidurojin ce, tana kama wuta, shi ya sa durom ɗin yana fili ƙarƙashin rumfa, nesa da murhu.

Talata, 2 ga Satumba

Wuta ba ta zama. Jimlar abin da aka samu tun shekaranjiya bai fi awa tara ba. Ruwan ya yi kumfa ja a sama, rodin sun yi kauri da dauɗa. Na kankare su na mayar, na juya ƙafar, domin gefen da ke fuskantar rodi ne ya fi wankuwa.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na ciro ƙafar farko da yamma. Jan ya koma baƙin laka mai laushi, buroshin waya da ruwa suka tafi da shi ba wahala, har da ragowar baƙin fentin. Ƙarfen ya fito ruwan toka mai tsabta, har lambar da aka zuba a jikinsa tun masana'anta ta bayyana. Na kira Hajiya ta gani. Magariba ta kawo jiki, sai na jingine ta a bango na ce gobe na shafa fenti.

Juma'a, 5 ga Satumba

Da asuba na tarar da ƙafar ta yi ja tas, kamar an barbaɗa mata garin jan ƙasa. An yi yayyafi cikin dare, iska duk laima.

Na zauna na dube ta na rasa abin cewa. Kwana huɗu na aiki. Daga baya da na sa yatsa na ga sama-sama ce, ba ta ci ciki ba, amma ta koya mini abin da ban ba muhimmanci ba. Tsatsa ba ta buƙatar komai sai ƙarfe da ruwa da iska. Ƙarfen da aka wanke yanzu tsirara yake, babu mai babu fenti, kuma a watan Satumba a Kano iskar kanta ɗauke take da ruwan da zai ishe ta. Tsatsa kuma ba ta rufe ƙarfe ta kare shi yadda fatar alminiyam ke yi. Kumbura take yi ta fi ƙarfen da ta ci girma, ta tsage, ta riƙe laima kamar soso, ta ci gaba da ci ta ƙasa. Ni duk hankalina yana kan yadda zan cire ta, ban shirya wa sa'o'in da ke tsakanin wanki da fenti ba. Ko fentin ma ban saya ba.

Sabon tsari: ba zan ciro komai daga durom ba sai da safe, ranar da rana ta fito, fenti da buroshi suna gefe. A ɗauraye da tafasasshen ruwa don ƙarfen ya ɗau zafi ya busar da kansa, a ɗora kusa da garwashi ya ƙarasa fitar da ruwan da ke cikin ƙofofinsa, a goge da tina (ruwan sirka fenti), a shafa fenti kafin azahar.

Bayan masallaci na sayo jan fentin shimfiɗa, wanda masu fenti ke kira red oksaid, lita ɗaya ₦6,000. Tina ₦3,000. Buroshin fenti biyu ₦1,600.

Asabar, 6 ga Satumba

Na mayar da ƙafar farko durom awa uku, na bi sabon tsari. Ta sha jan fenti kafin azahar. Shafi siriri, ina cusa bakin buroshi a kowane lungu. Ƙafa ta biyu ta shiga durom.

Laraba, 10 ga Satumba

Ƙafa ta biyu ta fito da labari mara daɗi. A ƙarƙashin ɓawon tsatsar, kusa da inda taya take, akwai tsaga mai tsawon ɗan yatsa. Da na yi fenti a kan tsatsar yadda wasu suka ba ni shawara, da ba zan gan ta ba sai ranar da ƙafar ta ɓalle ana tsakiyar ɗinki.

Mai walda na farko da na kai wa ya ce minti biyar ne, ya ɗauko rodin walda na gama-gari. Na ba shi haƙuri na ɗauke kayana. Kas in aka yi masa walda da sanyinsa, wurin ya yi zafi ya huce da sauri, sai ya sake tsagewa a gefen ɗinkin. Na biyun dattijo ne mai gyaran injinan niƙa. Ya huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya fafe bakinta, ya gasa wurin a garwashi, ya yi waldar da rodin nikel guntu-guntu yana dandaƙawa da guduma, sannan ya binne ƙafar a toka mai zafi ya ce in dawo gobe. Na ce, "Baba, ba za a samu yau ba?" Ya ce, "In kana son ta gobe da jibi, bar ta ta huce da kanta." ₦8,000, kuma ban ji ciwon biya ba.

Asabar, 13 ga Satumba

Ƙafa ta biyu, feda, babban wili da sandar tsakiya duk sun sha jan fenti. Na toshe ramukan noti da wuraren da ƙarfe ke juyawa da takarda don kada fenti ya shiga.

Lahadi, 14 ga Satumba

Wani gwaji na gefe da ya faranta mini rai. Ina karanta bayanin magungunan da ake shafa wa tsatsa su mayar da ita baƙa, sai na ga iri biyu ne: masu asid ɗin fosfeta, da masu sinadarin tanin na jikin itatuwa. Tanin kuwa shi ne abin da ke cikin bagaruwa, wadda majemanmu ke jima da ita tun kaka da kakanni. Kuma baƙin da dukawa ke samu in sun shafa kuloko a jikin jemammiyar fata, haɗuwar ƙarfe ne da wannan tanin ɗin. Ashe abin da ake sayarwa a kwalba da tsada, asalinsa yana nan a Majema.

Na sayi bagaruwa ta ₦300, na daka, na tafasa, na tace. Na ɗauko guntayen ƙarfe uku masu tsatsa iri ɗaya, na kankare ɓawon sama. Na ɗaya na bar shi haka. Na biyu na shafa masa ruwan bagaruwa sau uku. Na uku bagaruwa sannan jan fenti. Kafin yamma na biyun ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi kamar tawadar allo. Na rataye su a bayan gida inda ruwa zai same su.

Asabar, 20 ga Satumba

Gaggawa ta sake ja mini asara. Na ga fentin feshi na gwangwani yana ba da sheƙi mai kyau, na sayi biyu ₦7,000. Na fesa wa feda da ƙafa ta biyu. Minti goma ba a yi ba fentin ya fara yamutsewa kamar fatar tsohuwar jaka, jan da ke ƙasa ya taso ya tattare.

Na kai wa wani mai fentin mota hoton. Ya ce ruwan da ke cikin fentin feshin ya fi ƙarfin jan fentin mai. Jan ya bushe a sama, amma cikinsa bai gama ƙeƙashewa ba saboda laimar damina, sai na saman ya narkar da shi. Ya ce, "Ɗan'uwa, gida ɗaya ake bi. In ka fara da na mai, ka ƙare da na mai." Da na gwada a ɗan lungu tukuna da na gani.

Na kankare su duka biyun har ƙarfe, na goge da tina, na sake jan fenti. Sati guda ya tafi. Na sayi baƙin fentin mai mai sheƙi, lita ɗaya ₦7,500.

Laraba, 24 ga Satumba

Ina jiran fenti, sai na koma kan keken. Yanzu yana juyawa da yatsa ɗaya. Na share kananzir ɗin tas, domin shi wanki yake yi, ba ya zama a madadin mai, na bi kowane rami da ɗigon man keke.

Jikinsa kuwa ba ruwa, ba sabulu, ba sifirit. Zanen zinaren yana ƙarƙashin wani siririn rufi mai sheƙi ne da ake kira shalak, sifirit yana narkar da shi, zanen ya koma fari ya goge. Auduga da man keke kawai, ina shafawa a hankali ina canja audugar in ta yi baƙi. Dare uku ina yi bayan isha'i. A gaban allura, inda yadi ke wucewa, zanen ya riga ya goge tun da daɗewa, ƙarfen ya yi sumul. Hannun Baba ne ya cinye wurin. Ƙanena ya ce a fese kan duka ya dawo sabo, na ce a'a, wannan wurin ba za a taɓa shi ba.

Sandar allura da ta ƙafar danna yadi suna da ɗan ja, na goge da samfefa lamba 400 da na jiƙa da mai.

Asabar, 27 ga Satumba

Shafin baƙi na farko. Na gwada jan da farce tukuna, bai lotsa ba. Na ɗan murza shi da lamba 220 don na sama ya samu wurin kamawa. Na rataye sassan da waya a cikin zaure na rufe ƙofa saboda ƙura.

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu. Shafi na biyu.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na duba guntayen gwaji bayan sati uku, ruwa ya dake su aƙalla sau huɗu. Wanda ba a shafa wa komai ba ya ƙara ja. Mai bagaruwa kaɗai ya fara ja a gefuna da inda ruwa ke taruwa, tsakiyarsa dai baƙi ne har yanzu. Mai bagaruwa da fenti babu abin da ya same shi. Abin da na fahimta, bagaruwa tana kwantar da tsatsar da buroshi ya kasa kaiwa, amma ba ta tare ruwa, sai an rufa mata fenti ko mai. Zan yi amfani da ita a ƙofar gidanmu, wadda ba ta shiga durom. Guntayen kuma na bar su a rataye har daminar baɗi.

Kafinta ya kawo teburi. Ya cire fallen saman da ya kumbura ya manna sabo, ya bar akwatunan asali da hannayensu. ₦15,000.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na ɗaure komai. Kowane noti sai da na shafa wa zarensa giris kafin in ɗaure, saboda wanda zai kwance shi nan gaba. Giris ₦1,000, sabon bel na fata ₦2,000. Na yanka guntayen tsohuwar taya na sa a ƙarƙashin ƙafafun, don daga siminti laima ta fara hawa wancan karon. Inda sifana ta ɗan ƙwarzane fenti na bi da ƙaramin buroshi a take, ban bar shi ya kwana ba.

Bel ɗin ya yi tsawo, na rage shi sau biyu kafin ya kama. Na zare, na sa ƙyalle, na taka. Zaren ƙasa ya riƙa cukurkuɗewa. Na kira dattijon nan a waya, ya ce, "Duba allurarka, a wannan keken gefen da yake a shafe dama yake kallo." Na duba, na sa ta a juye. Na gyara, ɗinki ya fito layi ɗaya tsaf.

Hajiya tana ɗaki ta ji ƙarar. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce in ci gaba da takawa, kada in tsaya.

Abin da aka kashe zuwa yau ₦79,200, ciki har da ₦7,000 na fentin feshin da ya tafi a banza.

Saura: fedar tana ɗan ƙara a gefen hagu, sai na sassauta notin na sake daidaitawa. Robar naɗin kwarkwaro ta bushe, a sayo sabuwa. A ɗinka masa riga ta yadi mai kauri kafin ƙurar hunturu ta sauko, ba ta leda ba, don leda tana tara gumi a ciki. A gyara kwanon ɗakin shirgi. Ruwan durom zan bar shi ya kwanta in tace, lakar ƙasan in haɗa ta da gwangwanin koren fenti, ba zan zuba a kwata ba. Asabar mai zuwa auta za ta zo ta gwada shi da hannunta, daga nan in fara kankare ƙofar gida.